Malam Yana Jiran Amsa

Aikin Kellu a jami'a shi ne ta mayar da darussan malamai su zama sauti da hoto, domin ɗaliban da ke nesa da Zinder su saurara a wayoyinsu. Yawancinsu malaman lakwal ne, wato firamare, a ƙauyuka, masu neman ƙarin ilimi.

Darasin tarihin Damagaram kaɗai ya rage mata. Malam Zakariya'u ya yi shekaru yana koyar da shi a aji, amma da an kunna kamera sai ya faɗi magana ɗaya ya tsaya, ya zuba wa bango ido. Darakta ya riga ya ce idan ba a gama kafin a koma karatu ba, za a cire darasin daga tsarin bana. Malam kuwa baɗi zai ajiye aiki.

"Malam, ko a rubuta maka a allo ka karanta?" in ji Kellu.

"'Yata, ni da na san wa ya haifi wa a Birni, yau ni za a rubuta wa?"

"To me ke tsayar da kai?"

"Wannan abin naku ba shi da ladabi. Ana yi masa magana, ya yi gum."

"Na'am," in ji ta.

Sai Malam ya ci gaba. Ya shiga zancen ganuwa da ƙofofinta, ya tsaya. Ta sake cewa na'am, ya wuce zuwa fatake da majema. Haka suka yi har aka kira azahar.

A biro, wato ofishinta, ta zauna gaban na'ura ta yi yadda aka koya mata: ta yanke muryarta, ta yanke duk inda ya yi shiru. Darasin ya fito tsaf, gajere. Ta aika wa Bilkisu, wata ɗalibarsu da ke koyarwa a Garagumsa, ta gwada.

Amsa ta zo da murya. "Madam, lafiya Malam yake? Sai ka ce mota za ta tashi ta bar shi. Ban samu inda zan sa baki ba, na kashe."

Kellu ta saurari saƙon, ta buɗe ainihin abin da aka ɗauka. Ta mayar da kowane shiru wurinsa, da tsawonsa, ta bar muryarta a waje. Darasin ya ƙara tsawo, ya ƙara nauyi a waya. Ta sa shi cikin tsarin a haka.

Ranar kasuwa Bilkisu ta samu sabis mai kyau, ta sake aiko da murya. Ana jin ƙarar kwanuka, ana jin muryar Malam a cikin darasin yana zancen ƙofofin gari. Ya tsaya.

"Na'am, Malam," in ji Bilkisu.

Malam ya ci gaba.