Makarar Norkul a Bakin Titi

Da Norkul ya ji alamar tafiya ta zo, sai ya aika aka kira ni. Shekara sittin muna maƙwabtaka, rabinsu ba ma ga maciji, amma ba gafara ya nema ba. Cewa ya yi in rantse ba za a sa gawarsa a mota ba.

"Turdi, a kafaɗa aka kai ubana, a kafaɗa aka kai naka. Ni ba buhun albasa ba ne. Mutanen Tutzar ne za su kai ni har rami, ka ji ko?"

Na ce na ji. Ban tambaye shi inda zan samo mutanen Tutzar ba, don ba a jayayya da mai jinya.

Tutzar dai, ƙauyenmu, yanzu sunansa sai a bakinmu. Birnin Tashkent ya fara cinye gonakin auduga, ya bi da lambunan inabi, daga baya aka raɗa mana Unguwa ta Sha Huɗu. 'Ya'yanmu wasu sun hau benaye, wasu sun tafi Rasha ci-rani. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne titin da aka shimfiɗa tsakaninmu da maƙabarta, layi takwas, mota ba ta yankewa.

Ranar da ya cika, bayan an sallace shi, na duba sahu na ga mu tara ne 'yan asali. Ƙaraminmu Holmirza, shekararsa sittin da takwas, ga ciwon gwiwa. Ɗan Norkul yana Mosko, bai samu jirgi ba. Liman, wanda baƙo ne da aka turo mana bara, ya ce ga mota a ƙofar masallaci. Na ce a mayar da ita.

Muka ɗauka. Kafin mu kai titi sau huɗu muna sauke makarar.

"Yaya Turdi," in ji Holmirza yana haki, "mutumin nan da ransa ya gasa mana aya a hannu, ya mutu ma bai ƙyale mu ba."

A al'adarmu, duk namijin da ya ga makara sai ya bar abin da yake yi ya sa kafaɗa, ko da taku bakwai ne. Ni na ɗauka wannan ta bi ƙauyen. Ashe tana nan. Muna tsaye a danja sai masu jiran bas suka taso, leburori ne da ɗalibai da wani mai kwat, suka karɓe mu. Wannan ya sa kafaɗa ya ba wancan. Danja ta ba da hannu, suka tsallaka da sauri, liman yana biye da su.

Mu kuwa muna mayar da numfashi danjar ta rufe. Da ta sake buɗewa gwiwar Holmirza ta ƙi, muka riƙo shi, da ƙyar muka kai tsakiyar titi. Nan muka tsaya cirko-cirko, tsofaffi tara, motoci na kaɗa mana riguna. Na ji kunya, na kuma gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ko da muka isa har an mayar da ƙasa. Liman bai gama sanin fuskokinmu ba, ya zaci dangi na cikin taron. Muna shiga yana yin tambayar da aka saba, wane irin mutum ne marigayin, baƙin nan suka haɗa baki suka ce mutumin kirki ne. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san sunansa.

Mai kwat ɗin ya matso kusa da ni yana karkaɗe hannuwa.

"Allah ya ba da lada, Baba. Kai ma wucewa kake yi?"

Na dubi kabarin, na rasa ƙarfin yi masa bayani. Na ce masa e.