Kurmin Cibiya

Kukan injin zarto ne ya fito da ni daga gida ko takalmi babu. Na haye tudun da gudu, na tarar da Kawu Ta Poe, ƙanin mahaifiyata kuma mai unguwarmu, a tsakiyar kurmin cibiya yana nuna wa masu yanka inda za su fara.

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu yana da bishiya a kurmin nan. Ran haihuwa uba zai sa cibiyar jariri a gutsuren gora ya ɗaure a jikin bishiyar da ya zaɓa, daga ranar ba mai sa mata gatari. Tawa tana bakin rafi. Ita kaɗai marigayi babana ya bar mini.

"Kawu, me nake gani haka?"

"Abin da idonki ya gane miki, 'yar boko. Wuce gida."

"Kurmin cibiya ne fa!"

"Cibiya ake zubawa a tukunya? Gwamnati ta ce tallafin raya daji na wanda ya yi dashe ne a filin da ya lalace. Mutanen ƙetaren rafi sun ƙone nasu dajin sun ci masara, yau su ke karɓa. Mu da muka tsare namu, ko sannu. To, mu ma za mu lalata."

"Kunya dai ta ƙare a gidanmu."

Ya nuna wani ɗanyen kututture da haɓa. "Waccan tawa ce. Da ita na fara. Ki koya mini kunya."

Na je na rungumi tawa. Kwana da kwanaki ina gindinta, ruwa ya dake ni, cinnaku suka yi gari a ƙafata, kurmin yana faɗuwa ta kowane gefe. Yayata Mu Dah ce kawai ke hawo tudun da tsohon cikinta, ta ajiye mini shinkafa a ganyen ayaba.

* * *

Karatuna ne ya cuce ni. Na ɗauka in na tsaya gaban hukuma na yi bayani da harshensu, za a ji. Na saki bishiyar na gangara garin Mae Chaem, inda ofishinsu yake.

Jami'in gandun daji bai ɗago daga wayarsa ba.

"Tsofaffin itatuwa ba sa cikin shirin, ƙanwata. Wa ya dasa su?"

"Ba wanda ya dasa. Mu muka hana a sare."

"To ai ba a biyan mutum don bai yi komai ba."

Ban yi kuka a gabansa ba. Ban yi ba kuma da na dawo na tarar da rana kwance a bakin rafi, a gurbin bishiyata, inda ba ta taɓa sauka ba.

* * *

Da damina ta yi nisa aka zo da alluna da masu ɗaukar hoto, aka yaba wa ƙauyenmu kan sabon dashen da aka yi a gurbin kurmin. Kawu ya sha tafi. A makon ne Mu Dah ta haifi mace.

Mijinta ya hau tudun da goran cibiya a hannu, ina biye. Muka ratsa layukan dashen gwamnati, duk ba wanda ya kai mini gwiwa. Ya daɗe yana dube-dube, sannan ya durƙusa ya ɗaura a jikin wanda ya fi kauri.

Dashen ya sunkuya a hankali, har goran ya taɓa ƙasa.