Garin Macijin Otilia

"Bari in gama sa wa naman gishiri tukuna," in ji Don Fermin, alhali hannunsa na dama ya riga ya kumbura kamar burodi.

Herlinda, maƙwabciyarsa, ta tsaya a bakin shinge da ƙullun masara a hannu. Ga kaskabel, macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya, rataye a igiyar shanya, an feɗe shi tas. Kan da aka sare yana ƙasa kusa da shebur, bakin da ya sari Fermin a hannu bai daina motsi ba.

"Kai da ka tsufa a ƙauyen nan, ka ɗauki kai da hannu? Kowa ya san binne shi ake yi!"

"Kaji ne suka nufo shi, komadre. Na ce bari in jefar kawai."

Komadre yake kiranta tun da ta riƙe musu ɗa a coci ranar baftisma, ɗan da ya tsallaka iyaka neman aiki, sai dai waya jefi-jefi. Da likitoci suka sallamo matarsa Otilia da ciwon ciki, suka ce a je gida a yi haƙuri, sai Fermin ya koma farautar macizai da tsufansa. Ya shanya naman, ya daka, ya cika mata kwalba, ya ce ta riƙa shan cokali guda kullum da safe idan ya fita wurin shanu. Kakanni sun ce magani ne, shi kuwa ba ya musu da kakanni.

Herlinda ta gaji. Ta gaji da ƙarnin naman nan da ke shigo mata kicin, ta gaji da zama ita kaɗai ce mai mota a ƙauyen, wata tsohuwar a-kori-kura da mijinta ya mutu ya bari. Duk da haka ta goge hannu ta ɗauko makulli.

"Wa zai zauna da Otilia?" in ji Fermin.

"Allah zai zauna da ita. Shiga, kafin in ɗauke ka kamar buhun wake."

Otilia ta leƙo ta taga, ta rame sai idanu. "Bi ta mana, tsoho," ta ce, ba ta ƙara ba.

An yi ruwa a kan duwatsu jiya, rafin da ke tsakaninsu da titi ya cika ya batse. Suka zauna a bakinsa cikin mota suna jiran ya janye. Kumburin ya wuce gwiwar hannu, ya kai kafaɗa, ya yi baƙi. Herlinda ta zagi rafin, ta zagi motar, ta dawo ta zagi Fermin, sannan ta jiƙa ɗankwalinta tana shafa masa a goshi.

"Komadre, kada kare ya janye naman nan. Babba ne, zai kai Otilia har lokacin sanyi."

"Yi mini shiru, don Allah."

Sai da rana ta yi sanyi suka samu suka haye. A asibiti an yi masa allurar kashe dafi, amma ma'aikaciyar ta kalli hannun, ta kalli Herlinda, ta kau da kai. Washegari da hantsi ya cika.

Da aka dawo da shi, mata suka taru suna dafa kofi da wake don masu zaman makoki. Herlinda ta shiga share ɗakin da za a kwantar da shi. Ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado, sai ta ji ƙarar gilashi. Ta durƙusa ta ɗaga zanen. Kwalabe ne jere har bango, kowacce cike da garin nan mai ruwan ƙasa, a rufe gam.

Otilia tana zaune a kujera tana kallonta.

"Ba ya zama mini a ciki," ta ce a hankali. "Tun kwalbar farko nake amayar da shi."

"To, me ya hana ki gaya masa?"

"Ba ki ga fuskarsa ba ne idan ya dawo da maciji a kafaɗa? Ban da wannan, me ya rage da zai iya yi mini?"

Herlinda ta sake kallon kwalaben. A waje maza sun fara sauke akwatin gawar daga mota. Ta sa tsintsiya ta tura wata kwalba da ta gangaro ta koma cikin 'yan'uwanta, ta saki zanen gadon har ya taɓa ƙasa.