Asusun Da Lionel Ya Zaɓa

Ni ce na tuƙa su zuwa ofishin matar nan mai ba da shawara kan zuba jari, don haka kada wani ya zo yana gaya mini yadda abin ya faru. Lionel Zammit, mijin yayata Noelene, yana gaba da tukunyar iskar da yake shaƙa tsakanin ƙafafu, ita kuma tana baya ta rungume jaka. Daga gidansu zuwa tsakiyar garin Mackay bai fi minti ashirin ba, amma sau biyu na tsaya a gefen gonakin rake don ya yi tari.

"Maxine, wai wa ya ba ki lasisi ne?" in ji shi da numfashi ya dawo. "Ciwon nan bai kashe ni ba, ke za ki riga shi."

"Sauka ka taka mana, tunda ƙarfi ya yi maka yawa."

Haka muke da shi tun ina 'yar shekara sha huɗu yana zuwa zance wurin Yaya da wata tsohuwar mota mai hayaƙi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa, kamfani ɗaya, har ƙura ta cika masa huhu. Sai da aka shekara biyu ana ja da lauyoyi kafin a biya shi diyya, likita kuma ya ce da wuya ya ga Kirsimeti. Damuwarsa ɗaya ce. Noelene shekararta hamsin da tara, fanshon gwamnati sai ta kai sittin da bakwai, ba su haihu ba, inshorar gida kuwa a garin nan mai guguwa kowa ya san yadda take tashi. So yake ya zuba diyyar inda za ta riƙa haifar mata riba ba tare da ta taɓa uwar kuɗin ba, ta zauna a gidanta kada wani ya tashe ta.

Mai ba da shawarar, Tamsin, ta shimfiɗa takardu biyu a tebur. Ta ce duk biyun irin asusun nan ne da ba mutum ke zaɓar kamfanonin ba. Jeri ne na manyan kamfanonin kasuwar hannun jari, asusun ya sayi ɗan kaso a kowanne, ribar da suka raba a tara a turo duk wata uku. Na farko ya tara waɗanda suka fi rabon riba. Na biyu ba ya taɓa kwal da caca da makamantansu, amma abin da yake turowa bai fi rabin na farkon ba.

Lionel ya riga ya gama shawara. Mako shida ya yi a kan gado yana karatun abin nan kamar mai shirin jarrabawa, shi da ko jarida daga shafin ƙwallo yake farawa ya ƙare a nan. Ya jawo takardar farko ya sa hannu. Saura sa hannun Noelene, don da sunansu biyu za a buɗe, kada ta sha wahalar kotu bayansa.

Sai Yaya ta ɗauko tabarau. Wayyo, da na sani da na ɓoye shi! Ta bi jerin da yatsa, banki, banki, babban kanti, banki, har ta iso na tara. Sunan kamfanin su Lionel ne.

"A cire wannan," ta ce.

"Ba a cire ɗaya, Madam Zammit," in ji Tamsin a hankali. "Ko a ɗauki jerin duka, ko a bar shi duka."

Yaya ta juya ta kalli mijinta. "Ka san suna ciki?"

"Na sani."

Ta ajiye biron, ta miƙe, ta je ta jira mu a mota.

Sai ka san gidan da muka fito kafin ka ce tana da taurin kai. Babanmu ɗan ƙungiyar ƙwadago ne na ƙin ƙarawa. Duk Kirsimeti kamfani kan raba wa ma'aikata cinyar nama, shi kuwa ya ɗauki tasa ya mayar ƙofar ofis, mu kwana da miyau. Ƙaninsa ya koma aiki ana tsakiyar yajin aiki, Baba ya shekara ashirin da shida bai ce masa uffan ba. Mu a gidanmu ba ma zagi, gaba muke yi.

A hanyar dawowa aka yi ta.

"Haba Noelene," Lionel yana ja yana hutawa, "na ba su huhuna. Su ciyar da ke mana. Bashi ne."

"Sun biya diyya, na karɓa, don hakkinka ne. Amma in zauna ina fatan su ci riba? Wani ɗan mutane yana can ƙasa yanzu yana shaƙar abin da ka shaƙa, ni in sayi burodi da shi?"

"Da na biyun... shekara kaɗan za ki fara cin uwar kuɗi. Mamarku casa'in da huɗu ta yi. A ina za ki tsufa? A ɗakin bayan Maxine?"

"Kai, ka fitar da ni ciki," na ce. "Ɗakin bayana yana da mutuncinsa."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ta ce, "Ka sa hannu a na biyun, ko kuma ka ji maganata ta ƙarshe ke nan." Shi kuma ya ce ba zai sa ba. Na ɗauka zuwa yamma za su huce.

Ina! Wallahi ban taɓa ganin irin wannan gaba ba. Ita ke yi masa wanka, ta aske masa gemu, ta dafa masa taliyar da yake so da miyar zomo irin ta mutanensu na Malta, ta canza masa tukunyar iska, duk baki a rufe. In tana son ya sha magani sai ta ƙwanƙwasa kofi a tebur. Shi kuma, mutumin da kowace kalma sai ya saye ta da numfashi, a kan asusun nan yake kashe su. Ta wuce, ya ce, "Noelene, takardar." Ta dawo, ya ce, "Don Allah." Ban ji ya ce mata wani abu dabam ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Na tare ta a wurin shanya. "Yaya, kin haukace ne? Mutumin nan tafiya zai yi!"

"Ai shi ya sa. In na yi magana zan yarda, na san kaina." Hawaye na zuba tana matse rigarsa. "Zai sauko, Maxine. Kullum shi ke saukowa."

Na koma wurinsa. "Kai ma sa hannu a na biyun a huta mana, ɗan taurin kai."

"Ƙanwata," ya ce, "in na sauko... ta rasa gidan. Gara ta yi fushi da ni a cikinsa."

Na fita baranda na yi kukana, na zagi su biyun a zuci, na zagi kamfanin, na haɗa da Baba.

A kwana na sha tara da fara gabar, da hantsi, numfashinsa ya sarƙe. Motar asibiti ta zo. Kafin azahar sun yi masa allurar da ke kwantar da mutum, likita ya ja mu gefe ya ce a kira wanda za a kira. Yaya ta fizge mukullin motata, ita da ta shekara goma ba ta tuƙi. Bayan awa ɗaya ta dawo da takardar a hannu, tana haki.

"Lionel, na sa hannu. Ka gani? Na farkon, wanda kake so. Lionel, buɗe ido ka gani mana."

Ta kai takardar dab da fuskarsa. Ta faɗa ta sake faɗa, ta kira shi da wani suna da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce wai suna ji ko ba su amsa ba. Ni dai ban ga alama ba, kuma ba zan yi ƙarya ba. Kwana biyu bayan nan ya cika.

A watan Janairu ribar farko ta shigo. Ta isa inshora da harajin gida da cefane har da saura, daidai yadda ya faɗa. Ina kicin ɗinta ana sheƙa ruwan sama, ta turo mini takardar.

"Ke kika iya wayar nan. Duba mini, nawa ne nasu a ciki?"

"Yaya, bar shi."

"Duba."

Na duba. Kasonsu uku ne cikin ɗari na asusun. Duk tsawon rigimar nan ba wanda ya yi tunanin tambaya, har ni mai baki.

"Wajen dala ɗari biyu da hamsin," na ce.

"A wata?"

"A wata uku."

Sai ta ce, "Kwana sha tara, Maxine. Yana kirana ina jinsa."

Na buɗe baki in ce ya san tana sonsa, ta ɗaga mini hannu.

"Kada ki ce komai. Ke dai kin yi masa magana."