Jerin Kalmomin Kafinta

Tsohon kafintan nan ya kai saba'in kafin ya shiga ajin Turanci, kuma jikarsa ce ta jawo. An haife ta a ƙasar waje, ba ta jin Hausa ko ta sayen ruwa. Duk Lahadi uwarta kan kira shi ta bidiyo ta miƙa mata waya, shi da jikar su yi ta yi wa juna murmushi kamar baƙi a layin asibiti. Abin yana ci masa rai. Labari ɗaya yake so ya ba ta da bakinsa: yadda marigayiya kakarta ta goya ta kwana uku tana zazzaɓi, zuwan da suka yi gida tana jaririya.

Malamar ajin ta ce labarin abin da ya wuce sai da kalmomin jiya, wasunsu kuwa ba su bin doka, haddacewa kawai ake yi. To, hadda ai gidansa aka zo. Ya rubuta jerin da fensirin aiki a jikin wani guntun katako, ya jingine kusa da zarto. Yana goge katako yana rerawa, "go, went, see, saw," har maƙwabcinsa mai walda ya fara amsa masa amshi.

Sai dai bawan Allah a jere ya haddace, daga sama har ƙasa. In yana neman kalma ta talatin, dole ya faro daga ta farko.

Ranar Lahadi yarinyar ta bayyana a waya, haƙoranta biyu sun faɗi. Ya fara tiryan-tiryan: kakarki, ke, zazzaɓi. Da ya zo kan "ta riƙe ki" sai kalmar ta ɓace masa ɓat. Ya runtse ido ya faro jerin daga sama. Kunya ta kama shi sosai.

"Baba, faɗa min da Hausa in fassara mata," in ji 'yarsa, uwar yarinyar.

Ya girgiza kai. Sai a ta ashirin da shida ya iske kalmar, ya faɗe ta da ƙarfi, ya kammala jimlarsa a karkace.

Yarinyar ta matso har goshinta ya cika wayar. Ta yi tambaya a hankali, uwar ta buɗe baki za ta fassara.

"Bar shi, na ji," ya ce. "Sunan kakarta take tambaya."