Ɗakin Bakin Ruwa

Shekara biyar a Kuala Lumpur ta koya wa Nuriyya abubuwa da yawa, amma darasin da ya fi zama mata a kai ba a jami'arsu ta Jalan Semarak ta ɗauke shi ba. A wajen dillalan gidaje ta ɗauke shi: duk wanda ya cika yi maka tambayoyi a waya, hanyar ce maka a'a yake nema. Sau uku ana yi musu haka ita da mijinta Muhyiddeen, lokacin da suke neman haya a Titiwangsa. Magana za ta yi daɗi, har a sa ranar karɓar mukulli, sai a ce, "Af, ku 'yan wace ƙasa ne?" Da zarar ta ce Najeriya, cikin minti goma gidan ya samu mai shiga. Karo na huɗu ya fi ciwo, don shi sai da suka je har bakin ƙofa da akwatunansu.

To yanzu ga mahaifiyarta, Hajiya Daso, ta taso tun daga Kano don bikin ba Nuriyya digiri na uku, kuma sati biyu kacal za ta yi. Tsohuwar ba mai son a yi mata hidima ba ce. An nuna mata dogayen benaye ta ce Allah ya tsare na sama, an kai ta babban kanti ta nemi kujera. Abu ɗaya ne ya tsayar da ita, wani hoto a wayar 'yarta: tafki kwance a tsakanin duwatsu, kore shar, gajimare ya sauko har yana taɓa ruwa.

"Wannan wurin akwai shi da gaske, ko zane ne?" in ji Hajiya Daso.

"Akwai shi, Umma. Tafiyar awa biyar ce daga nan."

"Ikon Allah," in ji tsohuwar, ta daɗe ba ta mayar da wayar ba.

A ranar Nuriyya ta ɗaukar wa kanta alkawari biyu. Za ta kai Umma ta ga ruwan nan da idonta, kuma ba wani mahaluki da zai dubi fatar uwarta a bakin ƙofa ya ce wuri ya cika.

Sai dai lokacin hutun makarantu ne, masaukai duk an kame. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage kuwa, Nuriyya ta bi su ɗaya bayan ɗaya da idon mai binciken da ta saba tsefe rubutun mutane. Babban otal ɗin bakin hanya akwai mashaya a jikin wurin cin abinci. Wani kuma ta ƙara girman hotonsa sai ga jelar kare a bayan tukunyar fure. Na uku yabon da baƙi suka rubuta masa ya yi zaƙi da yawa, ta ce wannan dangin mai wurin ne suka zauna suka rubuta. Wanda ya tsira shi ne wani ɗan masauki mai ɗakuna shida na katako, a jikin gangaren dutse, ruwa a ƙarƙashinsa. Mai shi wata mata ce, Kak Zaiton, Kak ɗin kuwa shi ne yadda Malayawa ke kiran babbar yaya.

Nuriyya ta tura saƙo da Turanci mai tsabta, ta sa sunanta Nuriyya Abdulwahid, sunan da zai iya zama na kowace ƙasa. Ba ta ambaci Najeriya ba. Amsa ta zo kafin shayinta ya huce: boleh, wato babu matsala, akwai ɗakuna biyu da suka rage.

Saurin amsar ne ya fara tsaya mata a rai. Sai kuma tambayoyi suka biyo baya, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ku nawa ne? Kin ce da mahaifiyarki, shekarunta nawa? Yaya lafiyarta? Tana tafiya sosai? Tana da ciwon ƙafa ko na numfashi?

Nuriyya ta kife wayar a kan tebur.

"An fara," ta ce wa Muhyiddeen, wanda ke yagar gurasar da ya yo tapau, wato ya ƙunso ta, daga shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan benensu. "Otal ne ko asibiti? Ina ruwanta da ƙafar Umma?"

"Ki amsa mata kawai lah," in ji shi, da lah ɗin nan da Malayawa ke rataya wa magana. "Maybe tana da dalili."

"Dalilin na san shi. Yau ƙafa, gobe fasfo. Idan ta ga koren fasfonmu, sai ta ce sorry, wurin bai dace da tsofaffi ba. Ka ga ta kore mu ba tare da ta ce don mu baƙaƙe ne ba."

"Nuriyya, ba kowa ne dillali ba."

"Kai dai kullum mutane na kirki ne a wajenka, har sai sun bar ka a waje da akwati."

Muhyiddeen ya koma kan gurasarsa, don shi ma yana wurin ranar akwatin.

Gaskiyar magana, Hajiya Daso tana da ciwon gwiwa, mai tsanani ma kuwa. A zaune take sallah shekara huɗu ke nan, kuma ko matakala uku na ƙofar masallaci sai ta dafa sanda ta dafa mutum. Amma a gidan da Nuriyya ta tashi, ba a zayyana wa bare ciwon iyaye, ba a kuma ƙirga musu shekaru a gaban wanda ba a sani ba. Ita kanta Hajiya, da za ka same ta a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu ka ce yaya jiki, lafiya lau za ta ce maka, alhamdulillahi. Sai tarbiyya da zargi suka haɗu a wuri ɗaya, kowanne yana ƙarfafa wa ɗan'uwansa gwiwa.

Kwana uku Nuriyya ba ta amsa ba, tana jiran ta ga ko matar za ta tona kanta. Kowace safiya sai saƙo ya shigo: "Ina jiran amsarki a kan mahaifiyarki, don in san ɗakin da zan ajiye." Nuriyya ta karanta shi a jirgin ƙasa, ta karanta shi a ɗakin karatu, kullum sai ta hango wani sabon tarko a ciki. Ta je ta sake duba hotunan baƙin da suka taɓa sauka a wurin, ta bi fuska fuska. Ko baƙar fata ɗaya babu. Wannan ya ishe ta hujja.

Ranar Talata ta rubuta amsarta a gajarce, kamar mai rufe ƙofa: "Mahaifiyata lafiyarta ƙalau, alhamdulillah. Ba ta da wata matsala."

"Alhamdulillah!" in ji Kak Zaiton. "To na ajiye muku ɗakin da ya fi kowanne kyau. Ranar Alhamis zan shigo kasuwar yadi ta Jalan Masjid India sayen zanen gado. Mu haɗu in zana miki hanya, don waya ba ta kamawa a dutsen."

Nan Nuriyya ta tabbatar. So take ta gan su ido da ido kafin su taso. To, gara haka. In wulaƙanci ne, gara a yi mata shi ita kaɗai a cikin gari, da a yi shi a gaban Umma bayan tafiyar awa biyar.

Matsalar ita ce Hajiya Daso ta ji an ambaci kasuwar yadi, ta ce ai ko tsaraba ɗaya ba ta saya wa jikokinta ba, ƙafarta ƙafar Nuriyya. Haka suka sauka daga tasi da hantsi, cikin zafi mai ɗanko da ƙanshin turare da na soyayyen abinci. Nuriyya ta zaunar da uwarta a wani kantin hijabai, ta jibge mata kala biyar a cinya.

"Umma, ki zaɓa a hankali. Minti goma zan yi."

Shagon mamak ɗin da suka shirya haɗuwa a ciki na maƙwabtaka da kantin. Nuriyya ta tsaya a ƙofa ta gyara mayafinta, ta shirya fuskarta, har da kalmomin da za ta mayar idan aka ce wuri ya cika. Wata gajeriyar mata mai tabarau, da ƙunshin yadi a gefenta, ta ɗago kai ta dube ta. Nuriyya ta zuba wa fuskar ido tana jiran canjin nan da ta sani, ɗan ja da bayan da ake yi kafin murmushin dole.

"Nuriyya?" Matar ta miƙe, ta kama hannunta da hannu biyu. "Zauna, zauna. Kin yi makan, kin ci abinci? Daga ina kike, Afirka? Najeriya! Nesa lah. Mahaifiyarki ta sha hanya."

Ta yi odar shayi biyu, ta jawo takardar goge hannu ta fara zana hanya: nan gada, nan masallaci, nan sai ku bi hagu. Nuriyya ta zauna a bakin kujera. Ba ta saki jiki ba, don a saninta akwai masu yin nasu da fara'a. Tana ta jiran kalmar "amma".

Sai ta ji ƙarar sanda a bayanta. Hajiya Daso ce, mai kanti ya dame ta da yaren da ba ta ji, ta biyo sahun 'yarta. Tsakanin titi da daɓen shagon akwai tudu guda ɗaya, bai fi taƙi ba. Tsohuwar ta tsaya a gabansa, ta kafa sanda, ta ɗaga ƙafar dama da ƙyar, ta cije leɓe, sannan ta jawo ta hagu. Sai da wani ma'aikacin shagon ya miƙa mata hannu.

Alƙalamin Kak Zaiton ya tsaya a kan takarda. Fuskarta ta canja, amma ba irin canjin da Nuriyya ta shirya wa ba.

"Wannan ce mahaifiyarki?"

"Ita ce."

"Ya Allah." Matar ta cire tabarau. "Kin ce lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau," in ji Nuriyya, muryarta ta yi tauri. Ga "amma" ɗin ta iso, ta faɗa a ranta.

"Ƙanwata, ɗakin da na ajiye muku shi ne na can ƙoli. Matakala saba'in da biyu ne daga inda mota ke tsayawa, na dutse, kuma da santsi idan an yi ruwa. Duk ɗakunana a sama suke, ban da guda ɗaya na bakin ruwa, wanda mota ke zuwa har ƙofarsa. Shi nake ajiye wa tsofaffi, shi ya sa nake tambaya. Kwana uku na riƙe miki shi, wani mutum yana ta roƙona saboda babansa yana kan keken marasa lafiya. Da kika ce ba matsala, ranar Talata da yamma na ba shi."

Nuriyya ta laluba maganar daga farko zuwa ƙarshe tana neman inda ƙaryar take, kamar mai neman tsakuwa a shinkafa, ba ta samu ba. Matar har ta ɗauko waya tana kiran maƙwabtanta masu masaukai, ɗaya, biyu, uku, tana magana da Malayanci da sauri, tana girgiza kai bayan kowane kira. Hutu ne, ko'ina ya cika. Ɗakin bakin ruwa ba zai samu ba sai ranar ashirin ga wata, jirgin Hajiya Daso kuwa ranar sha shida zai tashi.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" in ji Kak Zaiton. Ba faɗa take yi ba, tambaya ce tsakani da Allah, kuma wannan ya fi yi wa Nuriyya zafi. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Hajiya Daso ta samu kujera ta zauna, tana haki. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga matar tana girgiza kai, ta ga idon 'yarta ya kawo ruwa. Ta san labarin dillalai, don Nuriyya ta sha ba ta shi a waya tana kuka. Sai ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta yi wa baƙuwar kallon da take yi wa wanda ya taɓa mata ɗa.

"Ta ƙi mu ne?" ta tambaya a hankali. "Faɗa mini. In ta ƙi mu, tashi mu tafi, ba a kanmu aka fara ba."

Kalma ɗaya ce za ta fitar da Nuriyya. Da ta ce e, Umma za ta yarda nan take, ta koma Kano da labarin wata Bamalayiya marar mutunci, kuma matar da ke zaune a gabansu ba za ta taɓa sanin an faɗa ba. Kak Zaiton kuwa ta tura nata kofin shayin gaban tsohuwar, tana nuna mata da hannu ta sha.

Nuriyya ta goge idonta da gefen mayafi.

"A'a, Umma, ba ta ƙi mu ba," ta ce. "Kwana uku tana ajiye miki ɗaki. Ni ce na hana ki."