Kunnen Malam

"Ɗago kai, Baba. Ni ce mai shagon, ba takalmina ba."

Malam ya ɗago kai. Likitar ba ta kai 'yarsa shekaru ba. Tana zaune bayan tebur da aka jera wa kwalayen sabulu marasa komai a ciki, wai shago ke nan. Sauran masu koyon shiga mutane suna kan kujerun roba, kowa na jiran a zo kansa kamar layin allura.

"Ina son batir," in ji Malam.

"Gaisuwar fa?"

"Batir na zo saya, ba zumunci ba."

Ta yi murmushin da aka koya mata a makaranta. Ta sa ya maimaita: sallama, kallon ido, tambayar lafiya, sannan buƙata.

A laburare ya yi aiki har ya yi ritaya, inda ake biyan mutum don ya hana jama'a magana. A gida kuwa matarsa ce ta riƙe harkar baki duka: cefane, gaisuwa, ban haƙuri. Da ta rasu bara, sai ta tafi da harshen gidan. 'Yarsa ta zo ta tarar da shi a duhu, tocila ta mutu, ga shago yana kallon ƙofarsa amma ya kasa tsallaka titi. Nan ta yanke hukunci. Ko dai ya riƙa zuwa wannan aji na asibiti har ya iya hulɗa da maƙwabta, ko ta kwashe shi zuwa gidanta, ɗakin da ke jikin talabijin, littattafansa kuma a ɗaure su a kwali.

"Aikin gida," in ji likitar. "Yau za ka yi a shagon gaske. 'Yarka ta ce da kanta za ta tambayi mai shagon."

Da yamma ya tsallaka titin yana bitar kalmomin a zuci. Mai shago da mai aski suna kan benci. Suna ganinsa mai shago ya miƙe, ya kwarara ihu yana wasa da hannuwa.

"MALAM! SANNU! LAFIYA?"

Haka duk unguwar ke masa tun da ya tare. Ya daɗe da yanke cewa mutanen banza ne marasa tarbiyya.

Mai aski ya ce a hankali, yana masa murmushi, "Yau kuma mujiya ta fito da rana."

"Ba mujiya ba ce," in ji Malam. "Salamu alaikum. Ina wuni? Ya iyali? Ina son batir."

Kofin da ke hannun mai aski ya karkace, ruwa yana zuba a cinyarsa bai sani ba.

"La ilaha illallahu!" in ji mai shago. "Malam, ka ji abin da ya ce?"

"Da me zan ji, da gwiwa?"

"Kunnen ya buɗe! Wallahi ya buɗe! Dama asibitin da kake zuwa ke nan?"

"Wane kunne?"

Suka kalli juna. Mai shago ya sauke murya, karo na farko a gabansa, sai ga shi ashe muryar mutum gare shi.

"Ai marigayiya ce ta faɗa mana, Allah Ya jiƙanta. Lokacin da kuka tare, mutane sun ce kana da girman kai, a gaishe ka ka wuce. Har an shirya ba mai sake taka ƙofarku, ko da gobara ce. Sai ta bi gida-gida tana cewa zazzaɓi ya cinye maka kunne tun kana yaro, a yi maka uzuri. Kunya ta kama mu, Malam. Tun ranar muke ɗaga maka murya."

Malam ya dafa kantar shagon. Ya karanta tarihin dauloli da ƙaryar sarakuna, bai taɓa sanin a gadonsa gwanar take kwana ba. Matar da ko gishiri ya yi yawa sai ta amsa laifinta. Ta kalli mijinta, ta ga ba ya gyaruwa, sai ta gyara unguwa. Ta bar shi yana raina mutanen da suke tsage maƙogwaro don tausayinsa.

Ya buɗe baki zai ce kunnensa ƙalau tun haihuwa. Sai ya ga abin da hakan zai zama kafin magariba: ita maƙaryaciya a kabarinta, shi kuma mai girman kan da aka ce tun farko.

Mai aski ya matso, fuska ta yi fari fat. Ba shakka yana tuno duk abin da ya taɓa furtawa a gaban mutumin nan.

"Don Allah, Malam... tun yaushe ka fara ji?"

Malam ya kalle shi ido cikin ido.

"Yau da safe," ya ce.

Mai aski ya sauke wani dogon numfashi, ya share bencin da hannun rigarsa.

"To zauna, Malam. Akwai labarai da yawa da suka wuce ka."

Malam ya zauna.